Potentate Ne Ko Dankali?

Mijina malamin Turanci ne, kuma tun ranar da na fara ganinsa na gane yana da ciwon manyan kalmomi. A wata makarantar sakandare yake koyarwa a Romi. Ni kuwa tela ce, ina da ɗan shago a bakin titi a Unguwar Boro, ba nisa da gidan iyayena. Wando ya kawo in rage masa tsawo. Kafin in gama awo ya jefo mini kalmomin da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni. Na ce masa, "Malam, nan shagon ɗinki ne, ba aji ba." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan wando sai ya kawo riga, bayan riga sai wani wandon da babu abin da ya same shi, har dai magana ta kai gaban manya.

Babana mutumin Filato ne. Yana saurayi ya zo Kaduna ya kama aiki a masaƙa, a can ya ƙarar da ƙarfinsa a gaban injina masu ƙara. Ya fito da kunnen hagu da ba ya ji sosai, da kuma halin son kowane abu ya tafi bisa tsari. Da masaƙa ta rufe, abokan aikinsa da yawa suka tattara suka koma ƙauye. Shi ya ƙi. Ya fara sauko da dankalin Turawa daga gida, buhu-buhu, yana sayar wa masu suya da matan da ke kasawa a kasuwa. Da dankalin nan ya ciyar da mu, ya kai mu makaranta, ya saya mini keken ɗinki. Amma farkon abin bai yi masa daɗi ba. Mutumin da ya saba fita da takalmi sau-ciki da guga a riga, sai ga shi yana sauke buhu daga bayan mota, ƙasa har gira. Wasu tsofaffin abokansa suka laƙaba masa Baba Dankali. Su wasa suke yi, shi kuwa abin ya soke shi. A gidanmu ko ɗan yaye ya san ba a faɗin wannan suna.

Layinmu yana da wani kwari a tsakiya, inda ruwan unguwa yake bi. Da rani ba ka ma lura da shi. Da damina kuwa sai ya zama rafi, 'yan acaɓa su sauke ka a bakinsa su ce iyakarsu ke nan. A damina aka yi bikinmu. Muna dawowa daga coci, motar da ta ɗauko mu ta tsaya a bakin kwarin, direba ya ce ko da kuɗi ba zai shiga ba. Haka na tattare farar rigata har gwiwa, wata ƙawata ta ara mini silifa, na tsallaka cikin taɓo mutane suna guɗa. Ni dariya abin ya ba ni. Babana bai yi dariya ba. Yana tsaye a tsallake cikin babbar rigarsa, ya ce, "Wannan ita ce amarya ta ƙarshe da za ta shiga layin nan da silifa."

Da ma shi ne ciyaman na ƙungiyar masu gidaje ta layin. Damina na ɗaukewa ya fara bin gida-gida, yana neman taimakon gina kwalbati a kan kwarin. Wani ya ba da siminti, wani yashi. Wani direban tanka da ke lodi a Rido ya kawo rodi. Wani magini mutumin Binuwai ya ce shi hannunsa zai bayar. Kowace Asabar maza su fito da shebur da kwanon kwaɓa, mata su dafa abinci. Matsala ɗaya aka samu: katangar wani dattijo ta shigo kan hanyar ruwan, shi kuma ya ce ko bulo ɗaya ba za a taɓa masa ba. Babana ya yi ta zarya gidansa. Daga ƙarshe, a gaban idona, ya durƙusa wa mutumin nan a ƙofar gidansa, alhali babana ya girme shi. Kunya ta kama dattijon, ya ɗaga shi, ya ce a rushe. Kafin ruwan fari ya sauka, kwalbati ta tsaya, mai faɗi, mota tana wucewa ba tare da ta rage gudu ba.

Aka sa ranar buɗewa. Kwamiti ya ce tunda akwai malamin Turanci a cikin surukan layi, shi zai yi jawabin godiya ga ciyaman. Mijina ya karɓi aikin nan kamar an naɗa shi sarauta. Ya yi ta kai da kawowa a tsakar ɗaki yana magana shi kaɗai, yana ɗaga hannu yana saukewa. Wata safiya ina shirin fita shago ya tare ni a ƙofa, idonsa na ƙyalli.

"Na samo kalmar da ta dace da Baba," ya ce.

"Wace ce?"

"Ki bari sai ranar. Za ki ji."

"Ka dai faɗe ta da Hausa," na ce, "ka san kunnensa."

Ya ce rana irin wannan sai da kaya masu nauyi. Na ɗauki jakata na wuce.

Ranar ta yi kyau. An kafa rumfa a kan kwalbatin kanta, an jera kujerun roba, an ɗaura jan ƙyalle daga wannan gefe zuwa wancan. Matan zumunta sun fito da anko, da tulunansu na kiɗa da caki. Shinkafa dafa-duka tana ta ƙamshi daga gidanmu. Fasto ya yi addu'a, wani malami maƙwabcinmu shi ma ya yi tasa, kowa ya ce amin. Babana yana zaune a tsakiya, Mama a gefensa, yana ta gyaɗa kai ga masu gaisuwa. Lasifikar da aka aro ce kawai take ba da wahala. Sai ta yi magana lafiya, sai ta yi wata ƙara kamar ana soya ƙwai.

Mijina ya miƙe cikin kwat. Da Hausa ya fara, kuma gaskiya ya burge ni. Ya ba da labarin amaryarsa da silifa, aka yi ta dariya. Ya faɗi yadda Baba ya bi gida-gida. Sai na ga ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, na ce a raina, ga ta nan tafe.

"Jama'a," ya ce, "wannan bawan Allah ba ciyaman ba ne kawai. Wannan shi ne potentate na layinmu!"

Daidai tsakiyar kalmar lasifika ta yi ƙararta. Mutane suka fara tafi, don sun ga alamar wurin tafi ne. Sai wani tsohon abokin babana na masaƙa, wanda ke zaune can baya, ya daka tsalle ya ce, "Potato! Wallahi yaron nan ya faɗi gaskiya!" Samari suka ɗauka. "Potato! Potato!" Masu kiɗa suka sa musu hannu. Ko wanda bai yi boko ba a layinmu ya san potato shi ne dankali. Mijina kuwa yana can yana murmushi, yana ɗaga musu hannu, a zatonsa kalmarsa suke maimaitawa.

Na kalli babana. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya tashi ya yanke ƙyallen da almakashin da aka ba shi, ya yi godiya a taƙaice, ya ce kansa na ciwo, ya shige gida tun kafin a fara rawa. Abincin da aka kai masa ma haka aka dawo da shi.

A makon nan duk lokacin da mijina ya biya ya gaishe shi, sai ya ce, "Lafiya," ya juya ga buhunansa. Mijina ya dawo ya ce mini gajiyar aikin kwalbati ce take damun Baba. Ni kuwa ina ta juya yadda zan faɗa masa. Sai ga Mama ta zo shago da kanta, ta zauna a kan benci, ta kore 'yan koyo waje.

"Ke, me mijinki ya ce wa babanki a gaban jama'a?"

"Mama, wata kalmar Turanci ce."

"Na san Turanci ne. Dankali ya ce masa ko ba dankali ba?"

"Ba dankali ba ne."

"To mene ne?"

Na ce ni ma ban sani ba. Mama ta ce, "Ka ji. Ke ma da kike kwana ɗaki ɗaya da shi ba ki sani ba, balle tsoho mai kunne ɗaya. Babanki ya ce ya ba yaro 'yarsa da hannu biyu, yaron ya ɗauki lasifika ya tona masa tsohon miki. Ku zo ranar Lahadi bayan coci ku wanke kanku."

Da na faɗa wa mijina, cokali ne a hannunsa, ya ajiye shi. Ya ce, "Dankali? Ni? Baba?" Ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya ce yanzu zai tafi. Na ce Mama ta ce Lahadi, kuma maganar Mama ba a yi mata gaggawa ba a yi mata jinkiri.

Ranar Lahadi muka tarar da Baba a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida, yana kan kujerarsa ta katako. Mama tana kicin tana haɗa gwate, faten nan na mutanen Filato, ta bar ƙofa a buɗe don kada komai ya wuce ta. Mijina ya cire takalmi tun daga zaure, ya zo ya durƙusa.

"Baba, na zo neman gafara. Amma ban ce maka dankali ba. Allah ya kiyaye bakina."

"Malam," in ji Baba, don haka yake kiransa, "kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana nan. Layi gaba ɗaya ya ji."

"Lasifika ce, Baba. Abin da na ce shi ne potentate."

Baba ya juyo da kunnen dama. "Sake faɗa. A hankali."

Mijina ya rarraba ta gaɓa-gaɓa. Baba ya gwada, ta fito masa fotantet. Ya sake gwadawa. Sannan ya ce, "To, na ji ba dankali ba ce. Mece ce?"

Nan mijina ya ɗan samu ƙarfi, don an shigo gonarsa. Ya ce kalma ce ta mai mulki, mai iko babba, irin manyan sarakunan dā. Ya ce asalinta daga kalmar da ke nufin iko ne da ƙarfi. Mutum ne wanda in ya ce a yi, an yi an gama, babu mai tambayarsa dalili.

"Babu mai tambayarsa dalili," Baba ya maimaita. "Shugaban da aka zaɓa da ƙuri'a fa, ana ce masa haka?"

"Ba a cika faɗa ba, Baba. Sai in ana so a nuna ya wuce gona da iri."

"Af. To Fir'auna fa, wanda ya hana bayin Allah tafiya?"

Na ga zufa ta fara tsattsafo wa mijina a goshi. Amma shi mutum ne da ba ya iya yi wa kalma ƙarya. Ya ce, "E, Baba. Shi kam potentate ne."

"Madalla. Wato a gaban fasto, da malam, da matan zumunta, ka ɗauki lasifika ka ce ni Fir'auna ne."

Sai muka ji wani abu ya faɗi a kicin. Mama ce ta saki ludayi, tana dariya har tana tari. Mijina ya fara rantse-rantse, yana cewa girman yake nufi, ba zaluncin ba, kalmar tana da fuska biyu, shi kyakkyawar ya ɗauko. Baba ya bar shi ya yi ta zuba. Ina kallon gefen bakin Baba yana rawa.

"Ni da na durƙusa wa ƙanena a kan katanga?" ya ce. "Ni da uwarku ta hana ni gishiri, ko a ɓoye ban isa in ƙara ba? Malam, ai gara dankalin. Shi aƙalla ana ci a ƙoshi."

Daga nan dariyar ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye, yana dukan hannun kujera. Ya kama mijina ya ɗaga shi, ya ce in kawo masa kujera.

Muna cin gwate Baba bai bar maganar ba. Ya tambaya ko ana faɗa wa mace. Mijina ya ce ana iya faɗa. Baba ya saci kallon Mama, ta ce, "Ka kuskura." Ya tambaya ko dole sai mai ƙasa guda. Mijina ya ce a'a, masu harshen ma sukan faɗe ta da zolaya, ga ƙaramin mutum da aka ba ɗan iko ya ɗauki kansa sarki. Idon Baba ya yi haske. Ya ce, "Kamar mai gadin ƙofar masaƙarmu! In ka makara ko da taku ɗaya ne, sai ya sa ka tsaya a rana yana shan shayi. Ashe sunansa ke nan, shekara da shekaru ina nema." Suka yi ta lissafo mutane, wannan ya cancanta, wancan bai kai ba, har la'asar ta yi.

Da za mu tafi ya shiga shagonsa na ƙofar gida, ya ciko babbar roba da dankali, ya ɗora wa mijina a ka, da kwat ɗinsa da komai. Ya ce, "Ga 'yan'uwana nan, ka kai su gida." Tun da nake ban taɓa jin babana ya yi wasa da wannan magana ba sai ranar. Bayan haka, in wani ya kira shi Baba Dankali a kasuwa, sai ya amsa da ƙarfi, ya ce, "Buhu nawa?"

Kalmar kuwa ba ta tsaya a gidanmu ba. Baba ya ɗauke ta ya fita da ita kamar sabuwar hula. Ya je har gidan abokin nan nasa da ya fara ihun potato, ya zaunar da shi ya yi masa darasi. Kwandastan da ya ƙi tsayawa a inda fasinja ya ce, fotantet ne. Mai gidan haya da ke kulle rijiya, fotantet. Zakaran maƙwabta da ya hana sauran kaji sakat, shi ma. Ba a daɗe ba layi duka ya ɗauka, kowa yana ja ta inda ya ga dama. Wata rana wata mata ta shigo shagona ta ce in yi mata ɗaurin kallabi fotantet, wato babba wanda zai tare wa na baya gani a coci. Wata kuma na ji tana yabon doya da ita.

Wannan ya dami mijina. Ya ce wa Baba ana ɓata kalmar, doya ba ta mulki, ya kamata a gyara wa mutane. Baba ya ce, "Kai ka kawo ta layin nan, Malam. Ta sha ruwanmu, ta zama 'yar layi. Bar ta ta yi yawonta." Amma shi kansa Baba bai taɓa yin kuskurenta ba. In ya faɗe ta, to akwai iko a wurin, kuma mai ikon ya manta da mutane.

Da wa'adinsa ya cika ya sauka, duk da an roƙe shi ya zarce. Aka zaɓi direban tankar nan da ya kawo rodi, wanda a lokacin ya riga ya mallaki motarsa. Mutumin kirki ne, mai kyauta, sai dai yana da saurin yanke magana. A gefen kwalbati wasu mata sun fara suyar ƙosai da safe, saboda yanzu nan ne mahaɗar layi, masu zuwa aiki da 'yan makaranta duk ta nan suke bi. Wata safiya hayaƙinsu ya shiga idon sabon ciyaman yana wucewa a mota. Bai tuntuɓi kowa ba, ya aika a ce musu su kwashe kaskonsu kafin ƙarshen mako.

Matan suka zo wurin Baba. Ya ce shi yanzu ba kowa ba ne, amma su zo taron wata. Na je taron nan, don biyu daga cikinsu ni nake musu ɗinki. Ciyaman ya karanto abubuwan da za a tattauna, ya zo kan maganar masu ƙosai ya ce wannan an riga an gama da ita, a wuce gaba. Baba ya ɗaga hannu. Ya miƙe a hankali, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni, don ni tsoho ne, mantuwa ta fara kama ni. Ran da muka ɗaga hannu a nan, ciyaman muka zaɓa, ko fotantet?"

Wurin ya fashe da dariya. Babu wanda ya nemi a fassara masa. Ciyaman ya so ya ɗaure fuska, ya kasa, ya rufe ido da tafin hannu yana dariya. Ya ce, "Baba, ka gama da ni. To, a ɗaga hannu." Aka ɗaga. Aka yarda matan su zauna, su ɗan matsa daga bakin hanya, su riƙa share wurin in sun tashi. Ciyaman da kansa ya ce zai kawo musu tsofaffin kwanon rufi su kare iska.

Washegari da safe, mijina yana ɗaura takalmi zai tafi makaranta, aka yi sallama. Ɗaya daga cikin matan ce, da kwano a rufe. Ta ce, "Na malam mai Turanci ne. Mun ji a wurinsa Baba ya samo maganar." Ƙosai ne mai zafi, an barbaɗa yaji a gefe. Mijina ya ajiye jakarsa, ya zauna a bakin gado da kwanon a cinya. Na ce masa zai makara. Ya ce shekarunsa nawa yana koyar da Turanci, ba a taɓa biyansa da ƙosai ba, yau kam ko shugaban makaranta sai ya jira. Na zuba mana koko, muka cinye shi tas.